Shin matsin tattalin arziki zai iya sake jefa Turai cikin babban yaƙi?

Jikan Soja ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sanin tarihi da sha'anin tattalin arziki. Kakana na wajen uba yana cikin samarin da Turawan Ingila suka ɗauka aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila, aka kai su har Burma suka gwabza da sojojin Japan a cikin dazuzzuka. Har Allah ya karɓi ransa, duk lokacin da ya ba mu labari yakan ce bai taɓa haɗa ido da sojan Jamus ba, amma wutar da aka kunna a Jamus ita ce ta raba shi da gonarsa da iyalinsa shekara da shekaru. Wannan ne ya sa ban taɓa ɗaukar rikicin Turai a matsayin abin da bai shafe mu ba.

Tun daga watan Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, labaran da ke fitowa daga wannan nahiya suna tuna mini da abin da aka koya mana a makaranta game da shekarun da suka gabaci 1939. Tattalin arzikin Jamus ya ja baya a 2023, ya sake ja baya a 2024. A Faransa majalisar dokoki ta kayar da firaminista Michel Barnier a Disambar 2024, ta kuma kayar da François Bayrou a Satumbar 2025, dukkansu a kan batun kasafin kuɗi da bashin da ya yi wa ƙasar katutu. Jam'iyyun da ke ƙyamar baƙi suna ƙara samun ƙuri'u, gwamnatoci kuma suna ƙara kuɗin makamai a daidai lokacin da suke cewa baitulmali ya yi ƙasa.

An koya mana cewa durƙushewar tattalin arziki ta 1929 ce ta haifi Hitila, Hitila kuma ya haifi yaƙi. Tambayata ita ce, shin wannan hanya ce Turai ta sake ɗauka? Idan kuwa har yaƙin zai zo, tsakanin wa da wa zai kasance?

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka tare da sauran mazan jiya. Abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai an taƙaita shi har wasu muhimman gaɓoɓi sun zube, kuma a cikin waɗannan gaɓoɓin amsar tambayarka take.

Jamus ta faɗa cikin masifar tattalin arziki har sau biyu tsakanin yaƙe-yaƙen duniya, mutane kuma sun cika haɗa su wuri guda. Ta farko ita ce hauhawar farashi ta 1923, lokacin da dala ɗaya ta kai kimanin mak (kuɗin Jamus na lokacin) tiriliyan 4 a watan Nuwamba, ajiyar da mutane suka tara tsawon rayuwarsu ta zama takarda. A cikin wannan watan ne Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a birnin Munich, yunƙurin ya ci tura, aka ɗaure shi, kuma a zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta 'yan Nazi ba ta kai ga samun kashi 3 cikin ɗari na ƙuri'u ba. Ta biyun ce ta yi ɓarna. Bayan faɗuwar kasuwar hannayen jari ta New York a Oktoban 1929, bankunan Amurka suka janye rancen da masana'antu da biranen Jamus suka dogara da shi, shugaban gwamnati Heinrich Brüning kuma ya mayar da martani da tsuke bakin aljihu, ya rage albashin ma'aikata da tallafin marasa aiki, ya ƙara haraji, yana yin yawancin wannan ta hanyar dokokin ta-ɓaci ba tare da amincewar majalisa ba. A farkon 1932 marasa aikin yi sun kai miliyan 6. Ƙuri'un 'yan Nazi suka tashi zuwa kashi 18 a 1930, suka kai kashi 37 a Yulin 1932, ranar 30 ga Janairun 1933 kuma aka naɗa Hitila shugaban gwamnati.

Yanzu ka dubi abin da ya biyo baya. Yaƙin bai ɓarke ba sai a Satumbar 1939, lokacin da rashin aikin yi ya kusa gushewa a Jamus, saboda masana'antun makamai da aikin soja sun kwashe matasa. Wato talaucin bai tura sojoji fagen fama da kansa ba, abin da ya yi shi ne ya miƙa mulki ga mutumin da ya riga ya ƙudurta yaƙi tun kafin talaucin ya zo. A Amurka kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da abin yi a 1933, amma Roosevelt ne ya karɓi mulki, ba mai aƙida irin ta Hitila ba. A 1914 kuwa Turai tana cikin wadata, Ingila da Jamus suna cikin manyan abokan cinikin juna, duk da haka suka shafe shekara huɗu suna kashe 'ya'yan juna. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangon Jamus kuwa ya tsage ne tun 1919, da yarjejeniyar Versailles wadda ta yanke mata yankuna ta ɗora mata diyyar yaƙi, da kuma jamhuriyar da manyan hafsoshi da alƙalai da yawa ba su taɓa yarda da ita a zuciyarsu ba.

Mun ma ga gwajin wannan magana a zamaninmu. Daga 2008 zuwa 2013 tattalin arzikin Girka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya haura kashi 27 cikin ɗari, na matasa kuwa ya wuce rabi. An yi zanga-zanga, an ƙona gine-gine a Athens, an zana shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel da kakin 'yan Nazi, jam'iyyar Golden Dawn mai aƙida irin ta Hitila ta samu kusan kashi 7 a zaɓen 2012 ta shiga majalisa. Amma ba a harba harsashi ko ɗaya tsakanin Girka da masu binta bashi ba, kuma a 2020 kotun Girka ta yanke hukuncin cewa shugabannin wannan jam'iyya sun gudanar da ƙungiyar masu aikata laifi, aka tura su kurkuku.

Dalili shi ne waɗanda suka tsira daga yaƙin 1945 sun gina abubuwa da gangan don toshe wannan ƙofa. A 1951 Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksembog suka haɗa harkar kwal da ƙarafa ƙarƙashin hukuma guda, domin da su ake ƙera igwa da tankar yaƙi, kuma daga nan Tarayyar Turai ta samo asali. A 1953 aka yafe wa Jamus kusan rabin bashin da ake binta a waje, saboda an tuna abin da matsa mata ya haifar. A Yulin 2012 shugaban babban bankin Turai Mario Draghi ya sanar da cewa bankin zai yi duk abin da ya kama don kare kuɗin Yuro, abin da babu wanda ya yi wa Jamus a 1931. A 2020, lokacin annobar korona, ƙasashen suka amince su ciwo bashin Yuro biliyan 750 da sunansu baki ɗaya. Saboda haka ni ban ga alamar yaƙi tsakanin Jamus da Faransa ko tsakanin ƙasashen arewa masu kuɗi da na kudu masu bashi ba, ko da matsin ya fi na yanzu tsanani.

'Yar Damagaram ta rubuta:

Allah ya gafarta Malam, na ƙaru ƙwarai da bayaninka, kuma ban da ja a kan abin da ka faɗa game da Jamus da Faransa. Amma ina neman izini in ce ka tsallake misalin da ya fi kusa da mu a lokaci, wanda kuma ya fi ba ni tsoro, wato Yugoslabiya. Ana yawan cewa Turai ta zauna lafiya tun 1945, ana mantawa da cewa a tsakiyarta aka yi wa birnin Sarajevo ƙawanya daga 1992 har zuwa farkon 1996, kuma a Yulin 1995 aka kashe Musulmi maza da yara kimanin 8,000 a Srebrenica, a wurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin tudun mun tsira. Yaƙin Bosniya kaɗai ya ci rayuka kimanin 100,000.

Yugoslabiya ba ƙasa ce matalauciya ba idan aka kwatanta ta da maƙwabtanta na gabas. Mutanenta suna da fasfon da ke ba su damar zuwa aiki a Jamus, Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya suna zaune unguwa ɗaya a birane, har da auratayya a tsakaninsu, kuma a 1984 Sarajevo ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na lokacin sanyi. Amma lokacin da shugabanta Tito ya rasu a 1980 ya bar bashin waje na kusan dala biliyan 20. Shekara goma aka yi ana tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, albashi yana zubewa, yajin aiki yana yawaita, har hauhawar farashi ta wuce kashi 1,000 cikin ɗari a 1989. A nan ne jamhuriyoyi masu arziki, Sulobeniya da Kuroshiya, suka fara ƙorafin cewa ana kwasar dukiyarsu ana zubawa a Kosobo da Masedoniya da sauran yankunan da ke baya, su kuma na bayan suka ce ana cin guminsu da araha. Jagoran Sabiya Slobodan Milošević ya gano cewa ma'aikacin da ya fusata saboda albashi ana iya juya fushinsa ya koma kan maƙwabcinsa mai wani addini ko wani yare. A Yunin 1991 Sulobeniya da Kuroshiya suka ɓalle, jini ya fara zuba.

Malam, ita ma Yugoslabiya tana da kuɗi guda da kasuwa guda da hukumomin tarayya, tana ma da rundunar soja guda, abin da Tarayyar Turai ba ta da shi. Duk waɗannan ba su hana komai ba ranar da masu biya suka gaji da biya. Kalaman da aka ji tsakanin 'yan siyasar arewacin Turai da na kudu a 2011 da 2015, inda na arewa ke kiran na kudu malalata, na kudu kuma ke kiran na arewa azzalumai, sun yi kama ƙwarai da na Yugoslabiya a ƙarshen zamaninta. Na yarda akwai bambanci babba, domin galibin iyakokin ƙasashen Tarayyar ba abin jayayya ba ne, kuma Birtaniya ta fice a 2020 ba tare da an zare takobi ba. Amma a yankin Balkan wutar ba ta mutu ba, toka ce ta rufe ta. Sabiya ba ta amince da 'yancin da Kosobo ta ayyana a 2008 ba, sojojin ƙungiyar tsaro ta NATO suna can har yanzu, kuma a Satumbar 2023 an yi musayar wuta a ƙauyen Banjska har aka kashe ɗan sandan Kosobo. A Bosniya, jagoran Sabiyawan ƙasar Milorad Dodik ya shafe shekaru yana barazanar ɓallewar yankin Sabiyawa. Abin da ya riƙe waɗannan wurare shi ne kuɗin Turai da sa ran shiga Tarayyar wata rana, idan kuwa aljihun ya bushe aka kuma rufe ƙofar, ban san abin da zai ci gaba da riƙe su ba face ikon Allah.

Mazaunin Hamburg ya rubuta:

Ina gaida Malam da 'yar'uwata, ina kuma son in ƙara abin da idona ya gani, domin na haura shekara goma sha biyar ina aiki a nan Jamus. Kafin 2022 fiye da rabin iskar gas da Jamus ke shigowa da ita daga Rasha take zuwa, da ita ake ɗumama gidaje, da ita manyan masana'antun sinadarai da gilashi da ƙarafa suke aiki. Da aka rufe bututun Nord Stream da ke kawo gas daga Rasha, aka kuma fasa shi a ƙarƙashin teku a Satumbar 2022, kuɗin ɗumama gidana ya tashi har sai da muka riƙa kwana da rigunan sanyi don mu rage abin da za mu biya, hauhawar farashi a ƙasashen da ke amfani da Yuro kuma ta haura kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoba. Ku lura da cewa a wannan karon yaƙin ne ya kawo matsin, ba matsin ne ya kawo yaƙin ba. Daga baya farashi ya lafa, amma masana'antu ba su dawo yadda suke ba, ga tsadar makamashi ga kuma motocin Sin masu araha, har kamfanin Volkswagen ya cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago a ƙarshen 2024 kan rage guraben aiki 35,000 nan da 2030.

A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta biyu da kusan kashi 21 cikin ɗari, a jihohin gabas kuwa ita ce kan gaba. Mu baƙi mun fi kowa jin nauyin wannan, domin a wurin aiki da cikin jirgin ƙasa muke ganin sauyin fuskokin mutane. Amma gaskiya ita ce waɗannan jam'iyyu ba yaƙi da maƙwabta suke kira ba, kamar yadda Hitila ya yi. Abin da suke nema shi ne a rufe iyaka, a kori baƙi, a daina ba Yukren kuɗi da makamai, a sasanta da Rasha a dawo da gas mai araha. Haɗarin da ke cikinsu na wargaza haɗin kai ne.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin kuɗin. Kwana uku bayan mamayar Yukren, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin Olaf Scholz ya sanar da asusun Yuro biliyan 100 don rundunar soja. A Maris ɗin 2025 aka gyara tsarin mulki don a sassauta ƙa'idar cin bashi saboda tsaro, a ƙasar da ta shafe shekaru tana yi wa Girka wa'azin tsimi. A Yunin 2025 ƙasashen NATO suka amince a birnin Hague cewa nan da 2035 za su riƙa kashe kashi 5 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinsu ke samarwa a kan tsaro da abubuwan da suka danganci tsaro, alhali a 2014 kashi 2 aka sa a gaba, kuma yawancinsu sun daɗe ba su cika shi ba. Jamus tana da sararin cin bashi. Faransa da bashinta ya wuce kashi 110 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, da Italiya da nata ya kai wajen kashi 135, daga ina za su samo? Mun ga yadda Faransa ta rikice a 2023 saboda an ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 kawai. Duk gwamnatin da ta taɓa fansho da asibiti don ta sayi makamai masu linzami tana miƙa ƙuri'u ne ga masu cewa a yi watsi da Yukren.

Jikan Soja ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, na fahimci cewa ka kawar da yiwuwar yaƙi tsakanin ƙasashen yamma, amma ba ka ce komai game da Rasha ba, alhali ministan tsaron Jamus Boris Pistorius ya ce dole ƙasarsa ta kasance cikin shirin yaƙi nan da 2029, Suwidin kuma ta raba wa gidaje ɗan littafin da ke koya musu abin yi idan yaƙi ya ɓarke. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha da kuɗin da take kashewa a fagen daga za su sa ta haƙura ne, ko kuwa matsin ne zai ƙara tunzura ta? Ina tambaya ne domin ban manta yadda farashin fulawa da takin zamani suka tashi a kasuwanninmu a 2022 ba, da yadda ɗalibanmu suka tsere daga biranen Kharkiv da Sumy na Yukren, wasu har da tafiyar ƙafa mai nisa kafin su tsallaka iyaka.

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

'Yata ta Damagaram ta yi gaskiya, na karɓi gyaranta, kuma Yugoslabiya ta isa ta sa mutum ya yi taka-tsantsan da kalmar "ba zai yiwu ba". Game da Rasha kuwa, ɗana, tarihin shekaru ashirin da suka wuce ya nuna akasin abin da ake zato. Ta shiga Jojiya a Agustan 2008, 'yan makonni bayan gangar ɗanyen mai ta kai dala 147. Ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren a Maris ɗin 2014 ganga tana sama da dala 100. Ta afka wa Yukren a 2022 tana da ajiyar kuɗin waje sama da dala biliyan 600. Ba a lokacin yunwa take kai hari ba, tana kai shi ne idan aljihunta ya cika, ta kuma hango cewa abokan hamayyarta sun rarrabu ko hankalinsu ya tafi wani wuri. Saboda haka matsin tattalin arzikin da ya fi haɗari shi ne wanda Mazaunin Hamburg ya bayyana, domin shi ne zai iya sa mahukuntan Mosko su yi zaton ba za a tashi a kare ƙaramar ƙasa ba.

Akwai kuma wani abu a cikin gidan Rasha da ke tuna mini da Jamus ta 1938. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗinta yana tafiya ga soja, masana'antun makamai suna aiki dare da rana, yankunan da suka daɗe cikin talauci suna samun kuɗi ta hanyar albashin masu zuwa fagen daga, babban bankinta kuma sai da ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin ɗari a ƙarshen 2024 don ya danne hauhawar farashi. Ƙasar da ta ɗora cin abincin miliyoyin mutane a kan yaƙi tana shan wahala wajen sauke shi, ko da an tsagaita wuta.

Ban zaci za a ga tankokin Rasha sun nufi Balin ba, domin rundunar da ta kasa kama Kharkiv, mai tazarar kilomita 30 zuwa 40 daga iyakarta, ba ta da wannan ƙarfin, kuma ɓangarorin biyu suna da makaman nukiliya. Abin da nake tsoro ƙarami ne a farkonsa. Garin Narva na Estoniya yana bakin kogin da ya raba ƙasar da Rasha, kuma mafi yawan mazaunansa Rashanci suke yi. Tsakanin yankin Kaliningrad na Rasha da ƙasar Belarus akwai ɗan siririn zirin Suwalki, wanda shi kaɗai ya haɗa ƙasashen Baltik uku, wato Estoniya da Latbiya da Lituwaniya, da sauran ƙasashen NATO ta ƙasa. A Satumbar 2025 jirage marasa matuƙa na Rasha sun keta sararin samaniyar Polan har aka harbo wasu. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, wanda ya ce harin da aka kai wa ɗaya an kai wa kowa ne, sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumbar 2001, kuma shugaba Trump ya sha nuna shakku a kansa. Finlan da ta shiga ƙungiyar a 2023 da Suwidin da ta bi ta a 2024 sun ƙara mata ƙarfi a arewa, amma alƙawarin yana rataye ne a wuyan gwamnatocin da talakawa masu fama da tsadar rayuwa za su zaɓa. Shi ya sa zaɓen shugaban ƙasar Faransa na 2027 ya fi ɗaukar hankalina a kan yawan tankokin da Polan ke saye, domin tun da Birtaniya ta fice, Faransa ce kaɗai ta rage a cikin Tarayyar Turai da ke da makaman nukiliya nata na kanta.